Yadda Aka Mai da Laraba Mayya

Laraba mai waina ce a bakin titin Gauraka, kuma duk direban da ke bin hanyar Kaduna ya san ta da fara'a. Amma a shekarar 1996 sai halinta ya juye. Abu kaɗan ta hau faɗa. Tana cin abinci sosai, amma sai ramewa take yi. Hannunta na rawa har ƙullu ya riƙa zuba a gefen tanda. Abin da ya fi tsorata mutane shi ne idanunta da suka firfito, kamar kullum a razane take.

A gidan haya suke a unguwar Kwamba, ita da mijinta Usmanu da ƙaramar 'yarsu Ummi. Kun dai san gidan haya, ba a rasa masu sa ido. Tun ana raɗa a bakin rijiya har aka fara janye yara idan ta fito.

Rannan ɗan Yalwa, maƙwabciyarta, ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, cikin sambatu ya ambaci sunan Laraba. Yo yaron da kullum take ba shi waina, wa zai ambata? Amma Yalwa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Wayyo Allah, ta kama mini kurwar ɗa! Wallahi sai ta tsallaka shi!"

A al'ada, wadda ake zargi da maita ana tilasta mata tsallaka mara lafiya, wai don ta saki kurwarsa. Laraba ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ba wanda ya saurare ta. Ta dubi mijinta. Usmanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki tsallaka kawai a zauna lafiya."

Ta tsallaka, jama'a na kallo.

Tun da safiyar ranar uban yaron ya kai shi an yi masa allurar zazzaɓi. Da yaro ya warke, kuna tsammanin wani ya tuna da allura? Ina! Sai cewa aka yi, "Kun gani ko? Ta sake shi."

Daga nan waina ta riƙa kwantai. Usmanu ya ɗauke Ummi ya kai wa uwarsa a ƙauye, don kada ita ma a lashe ta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Laraba ita kanta ta fara yarda. Takan ce a ranta, wataƙila tana da abin ba ta sani ba.

Ana cikin haka ƙanenta Sha'aibu ya zo. Yana karatun halayyar ɗan Adam ne a jami'a a Jos, yajin aikin malamai ya dawo da shi gida. Da ya ga yadda yayarsa ta koma, sai ya matso kusa da ita. Ya kama hannunta, ya ji bugun jininta na gudu alhali a zaune take.

"Yaya, janye mayafin nan, ki ɗaga kai ki haɗiyi yawu."

Ta haɗiya. Wani ɗan kumburi a gaban wuyanta ya yi sama ya dawo.

Sha'aibu ya juya wajen mijin. "Yaya Usmanu, ni ba likita ba ne. Amma kafin a rufe makaranta an koya mana yadda jiki ke juya halin mutum. Akwai wata 'yar tsoka a wuya, wadda idan ta kumbura muke kira maƙoƙo. In ta yi aiki fiye da ƙima, sai mutum ya rame, ya yi ta fushi, idanu su fito. Mu je asibiti."

Usmanu ya taɓe baki. "Kai da bokonka! Unguwa duka ta ga abin da ya faru."

"Unguwa ta auna jininta ne? Ka yarda an tozarta matarka a gaban jama'a, amma kai ta wajen likita ne ya yi maka nauyi?"

Kunya ta kama Usmanu. Washegari suka tafi.

Aka ɗebi jini, aka aika gwaji, sakamako ya dawo kamar yadda Sha'aibu ya yi zato. Likita ya yi bayani, ya rubuta magani. Laraba ba ta tashi ba. Ta ce, "Likita, don Allah gaya mini gaskiya. Ke nan ba ni na kama yaron nan ba?"

"Baiwar Allah, ba ki kama kowa ba. Ke ce mara lafiya."

Ta fashe da kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya. Sai maimaitawa take, "Alhamdu lillahi, ashe ni mutum ce kamar kowa!"

A hankali rawar hannu ta daina, jiki ya dawo, faɗa ya tafi. Wasu masu sayen waina ba su dawo ba har yau, Yalwa kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ba da haƙuri ba. Dole Laraba da mijinta suka tashi suka koma unguwar Wambai.

Ranar da Usmanu ya dawo da Ummi, yarinyar ta laɓe a bayansa, domin an cika mata kunne a ƙauye. Laraba ta durƙusa ta miƙa hannu, ba ta matsa mata ba. Can Ummi ta leƙo ta ce, "Inna, kin warke?"

"Na warke, 'yata. Zo."

Ta sheƙo da gudu ta faɗa jikinta.

Jama'a, idan halin mutum ya canja farat ɗaya, kada mu yi saurin cewa maita ce ko sammu. Sau da yawa ciwo ne a jiki, kuma yana da magani. A fara kai shi asibiti kafin a ɓata masa suna.