Ludayin Da Ke Cikin Mita

Ajiye mitar awon wutar nan tukuna, Tanimu, kafin ka je ka tari mutumin da kake cewa ya ɓata maka aiki. Bari in ba ka misalin wani mai gyaran sola.

An kira shi wani ƙaramin asibiti a ƙauyen bakin kogi, irin wanda da damina sai da kwalekwale ake shigarsa. Firijin da ake ajiye allurar riga-kafin yara ne yake mutuwa kullum kafin gari ya waye, malamar asibitin kuwa ta ce batiran ne suka gaji. Ya raba batiran da sola, ya ɗora jar waya a nan, baƙa a can, lambobi suka fito a gilashin mita suna nuna batira cike maƙil. Sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya faɗa a gaban mai unguwa da matan da suka kawo awon jarirai cewa batira lafiyarsu lau, sai dai in wani ne ke yi wa mutane cajin waya da wutar firiji. Kowa ya gane da malamar yake. Ita ta karɓi haihuwar yawancin yaran da ke goye a wurin. Ta sunkuyar da kai ta shige ciki, mai unguwa kuma ya ce gobe zai kai maganar gaba, a sauya musu wata.

Kwalekwalen komawa sai bayan la'asar, don haka mai gyara ya zauna a gindin wani ɓaure a bakin ruwa, mitar na kan cinyarsa. Iska na kaɗa ganye a hankali, ruwa na lasar gaɓa, gyangyaɗi ya fara ɗibarsa. Tsakanin barci da farke sai ya ga kamar bayan mitar ya buɗe, koren allon nan na ciki ya shimfiɗe ya zama fili, siraran layukan tagulla suka zama hanyoyi. Abin da ya sani a ka tun yana koyon sana'a, shi ya riƙa gani da ido. Ga makaɗi zaune yana buga ganga, bugu bai fi bugu tsawo ba. Shi ne agogon ciki. Ga wata dattijuwa a tsakiyar fili, ita ce 'yar baƙar ƙwaƙwalwar da ke ba da umarni, ba ta ɗaga hannu sai da bugun gangar. Wutar da aka zo aunawa ta biyo jar waya ta shigo kamar ruwa. Dattijuwa ta ce a buɗe, ruwan ya zuba cikin wani tulu. Da makaɗi ya cika bugun da aka yanka masa, ta ce a rufe. Daga nan aka ɗauko ludayi guda, wanda aka san girmansa tun ranar da aka ƙera shi, ana kwashe ruwan, bugu ɗaya ludayi ɗaya, mai ƙirga na ƙirgawa har tulu ya ƙafe. Abin da ya ƙirga, shi ake rubutawa a gilashi. Sai a sake cika tulu, a sake kwashewa, ba hutu.

Ya daɗe yana kallo, abin na yi masa daɗi, kafin ya lura ludayin ya motse kamar ɗanyen duma da aka manta a rana. Makaɗi bai kuskure ba, mai ƙirga bai yi ƙarya ba. Amma da yake ludayin ɗan kaɗan yake ɗiba, sai a daɗe ana kwasa, ruwan rabin tulu ya ba da lissafin cikakke. Ya matsa ya tambayi dattijuwa abin da ya sami ludayi. Ba ta ko dube shi ba ta ce, "Da ɗan batirinmu na cikin gida muke riƙe girmansa. Yaushe rabon da ka duba shi?"

Ƙarar injin kwalekwale ce ta tashe shi. Ya kunna mita, ya dubi kusurwar gilashi, sai ga 'yar alamar batir mai rauni. Allah kaɗai ya san tun yaushe take nan, idonsa na kan manyan lambobi. Ya bar kwalekwale ya tafi, ya zaro sabon batir daga jaka ya sa, ya koma asibiti ya sake awo. Lambobi suka faɗo ƙasa warwas. Batiran sun gaji, kamar yadda matar ta faɗa.

Ya je ya ɗauko mai unguwa da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, ki yafe mini. Ma'aunina ne ya karkace, na ɗora miki abin da ba ki yi ba." Ta ce ta yafe, ba tare da murmushi ba, ta tambaye shi yaushe sababbin batira za su iso, don allura ba ta jira. Mai unguwa ya janye maganarsa. Sai dai matan nan sun riga sun watse gidajensu da labarin farko, kuma ba dukkansu ne na biyun ya iske ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani.