Masaƙin da Ya Hana Zane Shan Iska

Isiyaku mai gyaran rediyo mutum ne da ba ya barin abu sai ya buɗe cikinsa ya ga yadda yake aiki, shi ya sa lamarin 'yarsa Ramlatu ya tsaya masa a rai. Saura wata huɗu ta zauna jarrabawar fita sakandare, in kuwa ta faɗi Turanci, makarantar koyon aikin jinya da take mafarki sai dai ta hango ta daga nesa. Tun wata biyu da suka wuce ya sayo mata ƙamus mai kauri, ya yanka mata manyan kalmomi arba'in kullum, ya kwashe littattafan labarai ya kulle don a ganinsa shiririta ce. Yarinya tana karanto masa hadda tiryan-tiryan. Amma da aka yi gwaji aka ce ta rubuta insha'i, ko ɗaya ba ta zo mata ba. Ina suka shige? Wannan tambayar ya ɗauka ya kai wa Malam Tanimu, tsohon malamin Turanci na unguwarsu. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Isiyaku, kai ma dai da rigima. Zauna ka ji."

Wani masaƙi ne, in ji Malam, aka yi masa jika ta fari. Don murna ya saƙa zanen goyo, ya kai marina a rina kafin ranar suna. Marini ya ce kwana huɗu. Masaƙin nan akwai son ganin ƙwaƙwaf, sai ya tsuguna a bakin ramin shuni yana kallo. Ya ga ana tsoma zanen wani, a ɗan juya, a ciro, a matse, a baza. Abin mamaki, zanen ya fito kore shar kamar gansakuka, kafin ka ce kwabo yana rikiɗa yana komawa shuɗi a gaban idonsa. Can kuma a sake mayar da shi rami. Ya ƙirga har sau tara, ya kasa haƙuri, ya tambaya me ya sa ake ta wannan wahala, ba a bar shi ciki ya sha ya ƙoshi ba. Marini bai ko ɗago ba, ya ce, "Rami jiƙawa yake yi, iska ke kamawa." Masaƙi ya ce a ransa, kai, wannan dai jan rai ne irin na masu sana'a. Ya karɓe zanensa tun ba a taɓa ba, ya sayi shuni da toka, ya yi kwaɓi mai kauri fiye da na marina a kwatarniya, ya dulmiya zanen, ya danne da dutse don kada ko gefensa ya leƙo.

Washegari ya ciro shi baƙi ƙirin, har ya kira maƙwabta su gani. Da matarsa ta ɗauraye, sai ruwa ya tafi da rinin, aka bar zane dabbare-dabbare, nan toka-toka, can fari. Inda dutse ya danne kuwa ko alamar shuni babu. Ya koma marina da kunya, marini ya duba ya ce wannan ko an rina tabon ba zai ɓuya ba. Dole ya sake zama a kan masaƙa. Aka yi suna aka watse, aka goya jikarsa da zanen aro, nasa bai iso ba sai da aka yi arba'in. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Malam ya dubi Isiyaku ya ce, "Ka tsoma yarinyar nan a ƙamus ka danne da dutse. Ba ta kalma biyar a yini. Ta tsince su a cikin labari, ta ba ka labarin kasuwa da su ko ba ka ji, ta yi kuskure a gyara mata, ta bar su su sha iska, jibi ta sake komawa kansu."

Isiyaku ya hau lissafi. Biyar a yini, ai a wata huɗu ɗari shida ke nan, kuma zaunannu. Shi kuwa wata biyu cur ya cinye wa 'yarsa da arba'in ɗinsa, ba ta tsira da komai ba. Ya laluba aljihu ya taɓo makullin akwatin da ya kulle littattafan, ya miƙe yana neman takalmansa.

Malam Tanimu ya ce, "Tafi a hankali dai. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, sauri ya haifi nawa."