Tulun Iya Rahila

Tun daga kan babur Malam Nagoggo ya jiyo kiɗan tulu, ya ja tsakin da har Jafaru da ke goye a bayansa sai da ya ji.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ke nan, lokacin da duk wanda ya samu hula mai tsayi da baƙin tabarau sai ya kafa kwamiti. Nasu na gyaran tarbiyya ne a cikin birnin Daura, kujerar shugaba kuwa ba kowa a kanta. Mutum biyu ke zawarcinta, Nagoggo da wannan Jafarun. Ana haka sai ga ƙara daga wani ƙauye bayan Baure, wai matan zumuntar coci sun addabi jama'a da waƙa. Dattawan kwamiti suka ce to, tunda bakin Nagoggo ya fi na kowa zafi a kan waɗanda yake kira arna, ya je ya kawo tulun kiɗan nan, kujera ta zama tasa. Suka ce Jafaru ya bi shi a matsayin shaida.

Nagoggo fa ba ya wasa da asali. Goggonsa ce ta rene shi a birni tun daga yaye, in ka tambaye shi gidansu sai ya buga ƙirji ya ce shi ɗan Daura ne gaba da baya. Amma jarumin namu ya yi ta ɗaga tafiyar, yau mura, gobe taya ta yi faci. Da uzuri ya ƙare masa, ya hau babur. Hanya duk ta cikin gonakin gero ce, ga mararraba barkatai, bai tsaya tambayar kowa ba.

Wai coci! Ɗakin laka ne da kwano mai tsatsa, wani akurkin ma ya fi shi kyan gani. Matan suna gindin darbejiya, zane iri ɗaya duk ya koɗe. A tsakiyarsu wata tsohuwa, Iya Rahila, ta rungume tulu tana bugun bakinsa. Muryarta na rawa don tsufa, amma ita ke ba da waƙa suna amsawa:

"Wanda ya riƙe ni a shekarar yunwa,
Yesu ba zai sake ni yau ba."

Nagoggo ya toge can nesa, ya gyara murya, ya kafa wa reshen darbejiya ido.

"Ku gaya wa shugabarku, an hana wannan hayaniyar. Tulun nan za mu tafi da shi."

Tsohuwa ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Ta taɓa Hannatu, matar da ke gefenta.

"Ce wa mutumin nan ga tulu, ya ɗauka, waƙar ba a cikinsa take ba. Ki ba shi ruwa, ya sha rana."

Tsohuwar ta ture tulun gefe, ta ci gaba da tafi, mata suka amsa fiye da ɗazu.

Ga tulu a ƙasa, ga kujera ta zo har gaban mutum, amma ƙafar Nagoggo ta ƙi ɗaguwa. Jafaru kuwa ransa ya ɓaci ƙwarai, ba don Nagoggo ba, don mutuncin kwamiti.

"Wai mutumin nan! Malam, kana ji? Ko kallon arziki ba ka samu ba."

"Bar ta, mu tafi," in ji Nagoggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Wallahi ba inda za mu! Ke tsohuwa, juyo ki dube shi, ki kira shi da sunansa. Wannan raini ya isa!"

Tafi ya tsaya. Iya Rahila ta ƙara sunkuyar da kai. Hannatu ta ajiye kwanon ruwa, ta dubi Jafaru sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Raini? Kai ɗan birni, a ina ka taɓa ganin uwa ta haɗa ido da ɗan farinta, balle ta kama sunansa?"