Gishirin Himalaya

Hoton farko ya shigo wayar Hamdatu tana tsakiyar aiki, hannunta duk man shanu. Tamimu ne tsaye cikin dusar ƙanƙara, ya naɗe da jan bargo, tutoci masu launi-launi na kaɗawa a bayansa. A ƙasa ya rubuta: "Na iso Himalaya lafiya." Ta duba hoton, ta leƙa taga, ta ci gaba da abin da take yi.

Tamimu direban tasi ne, ɗan zangon Kumasi, kuma duk unguwarsu ta Concourse Village, can ƙasar Turawa, an san bakinsa ya fi motarsa gudu. Ya daɗe yana neman auren Hamdatu, tana sonsa kuma, sai dai cika-bakinsa ya ishe ta. In suna hira labarin kansa kawai yake yi. Ya san tana hawa jirgin ruwa zuwa tsibirin Staten Island don kula da wata tsohuwa, amma bai taɓa tambayar ko wace ce ba.

Ranar da ya bugi ƙirji a gaban yayanta Saani cewa zai ratsa ƙauyukan Himalaya a tsakiyar hunturu, sai Hamdatu ta ce ya je ɗin. In ya dawo, zai ji amsarta.

Saƙonni suka riƙa zuwa kamar ruwan sama. Ga shi a ƙofar wani wurin ibada na mabiya Buddha, kusa da wani sufi mai askakken kai. Ga kaskon turare, ga wani ɗan ganga na addu'a da ake juyawa da hannu. Duwatsun ne dai ba su taɓa fitowa a hoto ba, wai hazo ya rufe su. Wata safiya ya aiko da murya, can nesa ana jin wani dogon ƙaho yana kuka. Ya ce sufaye ne ke busa irin kakakinsu. Hamdatu ta saurara sau biyu, sautin bai yi mata baƙo ba.

Masaukinsa, in ji shi, gidan wata tsohuwa ce a ƙauyen da ko hanyar mota babu. Kullum da safe shi ke share mata ƙanƙarar ƙofa, ita kuma ta aiko masa da shayin mutanen can, mai man shanu da gishiri. Shayin ne ya fi ba shi wahala. Ranar da ya ba da labarin ya kori damisa da sanda, gishiri ya yi yawa. Ranar da ya ce babban sufi ya roƙe shi ya zauna ya koya musu tuƙi, da ƙyar ya haɗiye. Ya yi wa Hamdatu bayani irin na masana: iya nisan da mutum ya hau dutse, iya gishirin da ake zuba masa. Ƙin sha kuma cin fuska ne, don haka yake shanyewa tas.

Ta amsa masa da cewa Allah ya ƙara ɗaukaka.

Ya dawo da fatar baki a tsage, ya wuce kai tsaye gidan Saani, inda 'yan uwa suka cika falo. Yau ce ranar amsa, amma da ya ga idanu a kansa sai bakin ya kama aiki. Ya hau duwatsu, ya sauka, ya sake korar damisar, wadda yanzu ta zama biyu.

Hamdatu na tsaye a ƙofar kicin. Ta ce, "Malam Tamimu, a can ina kake duba in za ka yi salla?"

"Gabas mana, Hamdatu. Musulmi yana da wani wajen dubawa ne?"

Saani ya ajiye cokalinsa. "Gabas? Ai daga can Makka tana yamma da kai. Mu ne nan da gida muke cewa gabas. Wato duk tafiyar nan ƙeya ka juya wa alƙibla?"

Zufa ta keto wa Tamimu, a watan Janairu. In ya ce e, sallolinsa sun tashi a gaban surukai. In ya ce a'a, tafiyar ce ta tashi. Ya fara kame-kame, wai duwatsun can suna juya wa mutum kai.

Hamdatu ta shiga kicin ta fito da kofi guda, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa da sauri, ko ba komai ya samu abin toshe baki. Kurɓa ɗaya ya yi, idanunsa suka firfito. Man shanu ne, da gishirin da ya fi na ranar damisa. A hankali ya ɗago ya dube ta.

Ta ce, "Shanye, sai Yaya Saani ya sa mana rana. Sharar ƙanƙarar nan ce ta cece ka, don ita kaɗai ce gaskiya, ta taga nake kallonka. Kakakin sufayenka kuma ƙahon jirgin ruwan da nake hawa ne. Tsohuwar da ka ɓuya a ɗakin ƙasan gidanta a Tompkinsville ta Staten Island, uwar abokinka Norbu ɗan asalin Himalaya, ita nake kula da ita, kuma shayin ni nake dafawa: duk ƙarya ɗaya, cokalin gishiri ɗaya."