Layi Huɗun da Ya Share

Da ta fito daga kicin ɗauke da shayi, sai ta tarar tsohon da ya zo mata baƙunci ya zare takardar kiɗan daga cikin gilashi, abin share fensir a hannunsa.

Shekara ashirin tana tara rubutun hannun masu tsara kiɗa a gidanta na Toronto, amma wannan shafin ne ranta. Tsohon nan ne ya rubuta kiɗan da ke cikinsa da fensir, ba a taɓa kaɗa shi ba, babu kwafinsa ko'ina. Ita ta gayyato shi ya ga aikin ƙuruciyarsa.

"Malam, don Allah ajiye," ta ce, tana dire farantin.

"Haba 'yata, wannan sashen sarewar ai shirme ne. Bari in gyara."

Layi huɗu ya share, ya hure takardar, ya ɗaga fensir. Hannun ya tsaya cak. Ya daɗe leɓensa na motsi, sannan ya juyo, idanunsa kamar na wanda ya farka a gidan da bai sani ba.

"Me ke wurin nan a da? Rera mini."

Kullum sai ta zauna ta kalli shafin nan. Sai dai ba ta taɓa koyon karanta alamomin kiɗa ba.