Tsutsotsin Malam Salifou

"Sun dawo, ɗiyata," in ji Malam Salifou a waya. Asabar ta bakwai ke nan a jere.

Aïcha ta aje cokali. A ɗakinta na Villeurbanne, gefen Lyon, ba mai kiranta sai shi. Daga Zinder ta zo. Shekara uku tana bincike kan wani baƙin ƙwaro mai kama da zanzaro, wanda tsutsarsa ke cinye ganyen berberis, ƙaramin iccen ƙaya da Turawa ke shinge da shi.

Tsohon ya samu lambarta a sanarwar da ta baza tana neman masu lambu. Shekara talatin ya yi yana dako a kasuwar Rungis. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa kuwa sai ranar salla suke kira, da Faransanci. Ƙaramin lambu gare shi a Saint-Denis, gefen Paris, da berberis biyu.

Sai ya tambayi gida, da karatu, da abin da ta ci, kafin ya zo kan tsutsa.

Ta ce ya tsince su da hannu. Ya tsince. Ta ce ya kafce gindin, can suke ɓuya su rikiɗa. Ya kafce. Asabar na zagayowa sun dawo, manya-manya, ƙosassu. Ta ce ƙwai fa, yana gani jikin ganye?

"Idon tsoho, ɗiyata."

Abin ya tsaya mata a rai. Tsakanin ƙyanƙyasa da ƙyanƙyasa akan samu hutu, amma ban da lambun nan. In haka ne, sabon abu ta gano. Ta rubuta shafi goma sha biyu ta kai wa malaminta. Ya ce ta je ta gani da idonta kafin ta sa sunanta.

Ranar Juma'a ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris ba ta gaya wa tsohon ba. Ta sauka daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta bi layin lambuna tana duba lamba. Ba ta taɓa ganinsa ba, muryar ta gane.

Yana tsugune, ya ba ta baya, gaban itatuwan da suka kusa zama tsirara. Gwangwanin tumatir ne a hannunsa, cike da tsutsar da ya yini yana tsintowa a shingayen unguwa. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗora su bisa sauran ganyen, yana cewa a hankali, "Ku ci, ku ƙoshi. Gobe Asabar, in samu wanda zan yi Hausa da shi."