Karatu Babu Murya

Ranar da aka fara cirar gyaɗa a Kukuo, tsohuwa ta fizge littafin daga hannun jikarta.

Duk dogon hutun nan ta ɗauke mata tallan koko da zuwa gona, don malamai sun ce sai an gama littafin Turanci da na darasin Gwamnati kafin a shiga babban aji. Amma kullum yarinya sai ta zauna gindin darbejiya da littafi, baki a rufe. Tsohuwa kuwa karatun makarantar allo kaɗai ta sani, wanda ake jiyowa daga bakin titi.

"Kaka, a zuci nake yi."

"A zuci? To, ni ma a zuci nake noma. Tashi mu je."

A gona tana tsinkar gyaɗa tana mita, sai ta ji Turanci na zuba a bayanta tiryan-tiryan. Yarinyar ce ke maimaita abin da ta karanta, don kada ya gudu.

Tsohuwa ta yi tsaki, ta zaro littafin daga kwandonta.

"Ungo, koma gida. Amma in na dawo, daga bakin titi nake son jin ki."